Yadda ake gane tsarin tsaro a zari-rugar jami'o'in Amurka tun kafin ƙwallo ta motsa

Shekara biyu na yi ina kallon zari-rugar jami'o'in Amurka, ashe rabin wasan kawai nake gani. Inda ƙwallo ta nufa nan idona yake bi, sai in ga ƙarti sun haɗu sun yi tsibi, alƙalin wasa ya busa, a tashi a sake jeruwa. In an ci in yi ihu, in an tare in ce sa'a ce. Ranar da abin ya fara buɗe mini, intanet ce ta maƙale, hoto ya tsaya cak a daidai lokacin da aka gama jeruwa. Don rashin abin yi na shiga ƙirga mutane da yatsa a kan gilashin waya. Masu tsaro biyar ne a kusa da ƙwallo, masu tare su kuwa shida. Da hoton ya dawo, sai ga mai ƙwallo ya ratsa tsakiya kamar an share masa hanya. Ba sa'a ba ce, lissafi ne, kuma tun kafin a motsa aka gama shi.

Ga wanda bai saba da wasan ba: kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu wasu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ko dai su ruga da ƙwallo ta ƙasa, ko su jefa ta ta sama. Matsalar masu tsaro ita ce mutum 11 ba sa isa su toshe ƙasa su kuma rufe sama a lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk sunayen tsare-tsaren da za ka ji masu sharhi suna zubawa, 4-3 ne, 3-4 ne, Koba 2 ne, amsoshi ne daban-daban na tambaya ɗaya: ina za mu bari a buɗe? Aikinka a matsayin ɗan kallo shi ne ka gano wurin kafin masu hari su taɓa shi. Agogon wasa yana ba da daƙiƙa 40 tsakanin dama da dama, kuma goma na ƙarshe sun ishe ka in ka san inda za ka ɗora ido.

Fara da ƙirga masu hari

Tsaro amsa ne, don haka sai ka san tambayar tukuna. Mutum shida na masu hari ba sa canzawa: kwatabak, wato madugun da ke jefa ƙwallo, da ƙattai biyar da suke jeruwa a gabansa kamar ganuwa. Na tsakiyarsu shi ne santa, shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. Gadi biyu a dama da hagunsa. Sai takul biyu a bakin layi. Sauran biyar ɗin su ake sauyawa tsakanin masu ruga da ƙwallo, masu cafka, da tait-en, wanda rabinsa ƙaton layi ne rabinsa mai cafka. Masu horarwa suna taƙaita wannan da lamba biyu, ta farko yawan masu ruga, ta biyu yawan tait-en. In ka ji 11, mai ruga ɗaya ne da tait-en ɗaya, saura uku masu cafka. 12 na nufin tait-en biyu, an zo da nauyi ke nan. 10 kuwa babu tait-en sam, masu cafka huɗu aka baza.

Sannan ka dubi ganuwar nan ka ƙirga ƙofofinta. Tsakanin santa da gadi ƙofar A ce, tsakanin gadi da takul ƙofar B, bayan takul ƙofar C, in akwai tait-en bayansa ƙofar D. Kowacce tana da ta dama da ta hagu. Ƙattai biyar suna samar da ƙofa shida, in an ƙara tait-en su zama bakwai. Dokar farko ta tsaron ƙasa ita ce kowace ƙofa sai da sarkin ƙofarta. In kwatabak ɗin mai gudu ne, ka ƙara wa masu hari mutum ɗaya a lissafinka, domin yana iya barin mai tsaro ɗaya ba a tare shi ba, ya zuba masa ido: in ya bi mai ruga sai ya riƙe ƙwallo ya gudu da kansa, in ya tsaya jiransa sai ya miƙa. Wannan dabarar ce ta hana masu horar da tsaro barci tun farkon shekarun 2000.

Akwai wata doka da ya kamata ka riƙe. In masu hari suka sauya 'yan wasa, alƙali yakan tsaya a kan ƙwallo ya ba masu tsaro damar su ma su sauya. In ba su sauya ba, babu jira. Shi ya sa ƙungiyoyi masu sauri suke kama masu tsaro da ƙattai a fili su ƙi barinsu su fita, har numfashinsu ya ƙare.

Duba inda aka ajiye ƙwallo

Wannan shi ne babban abin da ya raba wasan jami'a da na NFL, wato gasar ƙwararru ta Amurka, kuma mutane da yawa ba sa lura. Akwai layuka biyu na gajerun zane da suka bi tsawon fili, a kansu ko a tsakaninsu ake ajiye ƙwallo. A NFL tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce yadi shida da 'yan kai ba, kusan kullum ƙwallo a tsakiya take. A jami'a tazarar ta haura yadi 13. Faɗin fili yadi 53 ne da sulusi, don haka in aka ajiye ƙwallo a kan zanen hagu, yadi 20 ne kawai zuwa bakin fili ta hagu, ta dama kuwa yadi 33 da ɗoriya. Ni nakan kira ɓangare mai faɗi fage, ƙuntataccen kuma lungu.

Galibin masu tsaro a jami'a da wannan suke jeruwa. Masu sauri sukan tafi fage, inda akwai ƙasa mai yawa da za a rufe. A lungu ake ajiye konabak (mai tsaron da ke kula da mai cafka na bakin fili) mai jiki wanda ba ya tsoron karo, domin jifa zuwa can gajere ne, ƙwallo ba ta daɗewa a sama. Daga lungun kuma aka fi turo konabak ya afka wa kwatabak, tunda hanyarsa ba nisa.

Masu hannu a ƙasa: nawa ne, kuma a ina suka tsaya?

Yanzu ka juya ga masu tsaro. Sahu uku ne: ƙattan gaba masu dafa ƙasa da hannu, lainbaka da ke tsaye yadi huɗu ko biyar a bayansu, sai 'yan baya, wato konabak da sefti. Lambobin da ake kiran tsari da su daga nan suka fito. 4-3 ƙattai huɗu ne da lainbaka uku, 3-4 akasin haka, sauran huɗun 'yan baya ne. Lainbaka ma suna da laƙabi: Maik na tsakiya, Sam na ɓangaren tait-en, Wil na ɗaya ɓangaren.

Sai dai yawansu bai kai matsayarsu muhimmanci ba, kuma a nan nake so ka daɗe. Kowane ƙato yana da lambar wurin tsayawa. Ana danganta wannan ƙirga ga Bum Phillips, Bear Bryant kuma, wanda ya horar da Alabama daga 1958 zuwa 1982, ya yaɗa ta. Wanda ya tsaya gaba da gaba da santa yana kan 0, da gadi 2, da takul 4, da tait-en 6. Wanda ya karkata zuwa kafaɗa kuma: 1 a kafaɗar santa, 3 a kafaɗar gadi ta waje, 5 a kafaɗar takul ta waje, 9 a kafaɗar tait-en ta waje. In a kafaɗar ciki ya tsaya sai a liƙa wa lambar harafin i, a ce 2i ko 4i. Ta tait-en ce kaɗai ta fita zakka, kafaɗarsa ta ciki 7 ake ce mata, haka aka gada.

Amfanin wannan gare ka shi ne, wanda ya karkata kan kafaɗa galibi ƙofa ɗaya aka ba shi, aikinsa ya kutsa ta cikinta da zarar ƙwallo ta motsa. Wanda ya tsaya gaba da gaba kuwa sau da yawa ƙofa biyu ke wuyansa: ya cafki ƙirjin abokin karawa da hannu biyu kamar ɗan kokawa, ya tsayar da shi, ya leƙa ya ga inda mai ƙwallo ya nufa, sannan ya watsar da shi ya tare. Na farkon yana buƙatar zafin nama, na biyun nauyi da haƙuri.

Tsarin ƙofa biyu tsohon hannu ne. Bud Wilkinson ya yi amfani da 5-2 a Oklahoma, ƙungiyar da ta ci wasa 47 a jere daga 1953 zuwa 1957. Ka ɗaga mutum biyun da ke bakin layinsa su miƙe tsaye, ka sami 3-4 na yau. Jimmy Johnson ya bi ta wata hanya a Mayami a shekarun 1980. Ya fifita gudu a kan nauyi, ya mai da sefti lainbaka, lainbaka ya koma bakin layi, na bakin layi ya koma ciki, ya ce kowa ya kutsa ƙofarsa kada ya tsaya jira. Ga shaidar aikinsa: daga kakar 1985 zuwa ta 1987 Oklahoma ta koci Barry Switzer ta yi wasa 36, uku kacal ta faɗi, kuma duka ukun a hannun Mayami.

In ƙattai huɗu ka gani, nemi mai lamba 3, domin yawanci shi ne zakaran layin. An tsayar da shi inda wuya a haɗa masa mutum biyu. In yana ɓangaren tait-en ana ce wa tsarin oba, in yana ɗaya ɓangaren anda. Ka nemi wasan ƙarshe na gasar Big 12 na Disambar 2009 ka ga abin da ƙaton ciki guda yake iya yi. Ndamukong Suh na Nebraska, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, ya kayar da kwatabak ɗin Teksas sau huɗu da rabi a lissafinsu (rabin na nufin su biyu suka haɗu a kan ɗaya), yana wurgi da mutane kamar buhun ƙaiƙayi. Nebraska ta faɗi 13 da 12 a daƙiƙar ƙarshe, amma Suh ake tunawa.

In uku ne, duba na gefe biyun. In sun matso ciki sun tsaya a kan 4i, ɗaya kuma yana kan hancin santa, wannan shi ne tait, tsarin da Dave Aranda ya shahara da shi a jami'ar LSU, Kirby Smart kuma yake da irinsa a Jojiya. Hikimarsa ita ce mutum uku su cushe ƙofofin ciki, musamman ƙofar B da ƙungiyoyi masu baza masu cafka suka fi so, a tilasta wa mai ƙwallo ya yi gefe inda masu gudu suke jiransa. Amma sai da ɗan hanci na gaske. A 2021 Jojiya tana da Jordan Davis, mai nauyin kilo 150 da ɗoriya, wanda mutum ɗaya ba ya ture shi. In ba ka da irinsa, zanen allo ba zai cece ka ba.

Ƙirga sefti, nan asirin yake

In abu ɗaya kawai za ka iya dubawa, to wannan ne. Mutum nawa ne a can baya, yadi 10 zuwa 15 daga ƙwallo? Talabijin ba ta cika nuna su ba, kyamara takan matse a kan layi. Dabarar ita ce ka ƙirga waɗanda kake gani ka cire daga 11. In tara ka gani, biyu suna baya.

Ga dalilin da ya sa wannan ƙirga ta fi kowace. A ce an baza masu cafka huɗu, biyu dama biyu hagu. Konabak biyu sun fita sun tsaya a kan na waje, saura tara. Wasu biyu sun fita kula da na ciki, saura bakwai. In ka ajiye sefti biyu a baya, biyar suka rage a cikin akwati, wato filin da ke kusa da ƙwallo tsakanin takul da takul, ƙofofi kuwa shida. Irin abin da na gani ke nan a hoton da ya maƙale. In ka sauko da sefti ɗaya, ƙofofi sun cika shida da shida, amma mutum ɗaya ka bari ya tsare bayan fili mai faɗin yadi 53.

Sunayen koba, wato tsare-tsaren tsaron sama, daga yawan masu tsare zurfi suke. Sefti ɗaya a tsakiya yana nufin Koba 1, inda kowa ya riƙe mutuminsa seftin yana taimako, ko Koba 3, inda konabak biyu da seftin suka raba zurfi gida uku. Sefti biyu na nufin Koba 2, kowa da rabin fili, konabak suna tsare gajeren gefe. Ko Koba 4, mutum huɗu kowa da rubu'i. Ko Koba 6, wanda ya haɗa biyun, 4 a ɓangare ɗaya 2 a ɗayan. In babu kowa a baya, Koba 0 ce, an yi ƙundumbala, kowa ya riƙe nasa sauran su afka wa kwatabak.

Kowacce da rauninta. Koba 3 tana shan wahala in masu cafka huɗu suka miƙe a guje, tunda uku ne a baya. Koba 2 tana da rami a bakin fili, bayan konabak kafin sefti ya iso. A Janairun 2018, a ƙarin lokacin wasan ƙarshe na kofin ƙasa, Jojiya ta kayar da Tua Tagovailoa, kwatabak ɗin Alabama, ta mai da shi baya yadi 16, saura yadi 26 a dama ta biyu. Jojiya ta tsaya a Koba 2. Tua ya kafe idonsa wani wajen har seftin ya karkata, sannan ya juya ya cilla wa DeVonta Smith a bakin fili ta hagu, daidai cikin ramin nan. Yadi 41, wasa ya ƙare 26 da 23. Ka kalle shi sau biyu, na biyun kada ka dubi kowa sai seftin.

Koba 4 ce ta fi ruɗa sabon ɗan kallo, domin sunanta kamar na masu tsoro ne da suka ja da baya. Ba haka take ba. A Jami'ar Jihar Mishigan, Mark Dantonio da Pat Narduzzi sukan matso da sefti biyun zuwa yadi takwas ko tara, konabak kuma su manne wa masu cafka na waje. Ana ƙirga masu cafka daga waje zuwa ciki, na ɗaya, na biyu, na uku. Sefti yana kallon na biyu: in ya miƙe, ya bi shi; in ya tsaya tare wani, alamar gudu ce, ya faɗo akwati. Haka suke tara mutum tara a kan mai ruga alhali sun fara da sefti biyu a sama. Da wannan suka ci wasa 13 cikin 14 a kakar 2013, suka rufe da doke Stanford 24 da 20 a Rose Bowl. Kuɗin da ake biya kuwa shi ne sefti yakan tsinci kansa shi kaɗai da mai cafka mafi gudu. Shekara guda bayan nan Bryce Petty na Baylor ya jefa musu yadi 550 a wasa ɗaya, da kyar suka yi nasara 42 da 41.

In kuma uku ka gani a baya, ba idonka ba ne. A kakar 2017 Jon Heacock na Jami'ar Jihar Ayowa ya gaji da yadda ƙungiyoyin Big 12 suke ragargazar kowa ta sama, sai ya rage ƙattan gaba zuwa uku ya ajiye sefti uku. Na tsakiyan kamar yana baya, amma da an miƙa ƙwallo ga mai ruga sai ya sheƙo ba wanda aka ware ya tare shi. Da shi suka doke Oklahoma ta Baker Mayfield 38 da 31 har gida, suka kuma riƙe jami'ar TCU a maki bakwai. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza; cikin 'yan shekaru masu horarwa da yawa suka kwaikwaya.

Konabak zai gaya maka sauran

Duba nisansa da idonsa. In ya ja baya yadi bakwai ko takwas, ya ɗan juya bayansa ga bakin fili yana kallon kwatabak, yanki aka ba shi. In idonsa na kan mai cafka, mutum aka ba shi. In ya tsaya ta cikin mai cafkan, mai yiwuwa ba shi da mataimaki a tsakiya. Su ma masu hari gwaji suke yi: za ka ga mai cafka ɗaya ya ratsa fili a guje kafin a miƙa ƙwallo. In mai tsaro ɗaya ya bi shi har can, mutum-da-mutum ne. In suka ɗan gusa gaba ɗaya kamar sahun salla da aka ce a matsa, tsaron yanki ne.

Wani abu a gefe: a jami'a hukuncin riƙe mai cafka kafin ƙwallo ta iso ba ya wuce yadi 15, ko da jifan na yadi 50 ne. Saboda haka in ka ga konabak da aka tsere wa ya kai hannu ya janyo riga, ba wauta ba ce, ciniki ya yi.

Nemo wanda aka ɗora wa kaya biyu

A yau yawancin ƙungiyoyi sun cire lainbaka ɗaya sun sa ɗan baya na biyar, wanda ake kira nikel, Nick Saban, tsohon kocin Alabama, kuma yakan ce masa tauraro. Gary Patterson ya gina TCU a kan 4-2-5 tun kafin abin ya zama ruwan dare, har yana raba 'yan bayansa gida biyu kowane ɓangare da nasa kiran. Wannan mutumin, ko lainbakan da ke tsaye tsakanin akwati da mai cafka na ciki, shi ne abin tausayi a fili. Yana da ƙofa a tsaron ƙasa, yana kuma da yanki a tsaron sama.

Dokar jami'a ta ƙara masa nauyi. Ƙattan masu hari suna iya shiga gaba har yadi uku a kuma jefa ƙwallo, a NFL kuwa yadi ɗaya ne. Ke nan layi yana iya yin tari irin na gudu, kwatabak ya zuba wa mutumin nan ido, in ya faɗo ya jefa ta bayansa, in ya tsaya ya miƙa wa mai ruga. Ranar 30 ga Nuwamban 2013 Alabama tana gaban Auburn 28 da 21, wasa ya kusa tashi. Nick Marshall, kwatabak ɗin Auburn, ya riƙe ƙwallo ya yi hagu da gudu kamar zai ratsa da kansa. 'Yan bayan Alabama suka saki Sammie Coates suka taho tare shi. Dab da ya ƙetare layi sai ya lilla wa Coates, ba kowa kusa da shi, yadi 39, saura daƙiƙa 32. Mutane sun fi tuna yadda wasan ya ƙare, da Chris Davis na Auburn ya dawo da bugun Alabama da bai shiga ba tun daga ƙarshen fili, amma ni wancan jifan ne ya fi koya mini wasa. Tsarin tait da na sefti uku duk an ƙirƙire su ne don a sauke wa mutumin nan kaya ɗaya.

Da an miƙa ƙwallo, sake duba sefti

Duk abin da na faɗa a sama, masu tsaro sun san kwatabak ma yana dubawa, don haka ƙarya suke yi masa. Za su nuna sefti biyu, da ƙwallo ta motsa ɗaya ya gangaro ɗaya ya koma tsakiya. Ka ba idonka daƙiƙa ɗaya a kansu bayan an fara, sannan ka koma ga ƙwallo. Tun 2024 aka yarda koci ya yi magana da ɗan wasa ɗaya ta rediyon cikin kwalkwali, wanda za ka gane shi da koren ɗigo a bayan kwalkwalinsa, amma ana yanke layin in saura daƙiƙa 15 a agogo. Daga nan kowa ƙwaƙwalwarsa ce.

Bambancin yanki da mutum-da-mutum ma ya dushe. Saban yana kula da tsaron Cleveland ta NFL a ƙarƙashin Bill Belichick lokacin da Pittsburgh ta doke su sau uku a kakar 1994. Daga zamansu tare aka sami Koba 3 mai rikiɗa: a fara da yanki, in mai cafka na biyu ya miƙe sai wanda ke kusa ya manne masa ya bi shi har ƙarshe. Saban ya kawo ta jami'a, ya ci kofin ƙasa bakwai, ɗaya a LSU shida a Alabama, kafin ya yi ritaya a Janairun 2024.

Sai ka ƙirga masu afka wa kwatabak. Huɗu shi ne na yau da kullum. Biyar ko fiye bilis ne, dirar mikiya, kuma duk mutumin da aka ƙara daga baya aka ciro shi. Sanannen nau'i shi ne biyar su afka, uku su tsare kusa, uku su tsare zurfi. Wanda na fi so kuwa na yaudara ne, irin na Aranda: huɗu ne za su zo, amma ɗayansu lainbaka ne da ba a zata ba, wani ƙaton gaba kuma ya ja baya ya tsare yanki. Kwatabak ya ɗauka an yi masa taron dangi ya yi gaggawar jefawa, alhali mutum bakwai suna nan a baya.

Kada ka manta da allon da ke ƙasan hoto. Dama ta uku da sauran yadi 12, za ka ga 'yan baya shida. Saura yadi ɗaya a shiga gida, wato ƙarshen fili inda ake cin maki, ƙattai ne za su cika fili. In kuma da ƙungiyar sojan ƙasa ko ta sojan ruwa ake wasa, masu dabarar zaɓi uku, kusan duk bayanin sama a ajiye shi: a ware wanda zai kama mai kutsawa ta tsakiya, da na kwatabak, da na wanda za a cilla wa a gefe, kowa ya kayar da nasa ko da ba shi da ƙwallo.

Yadda za ka gwada

Ana buga yawancin wasannin ranar Asabar daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Disamba. Wasan ƙarfe 12 na rana a gabashin Amurka yana kamawa ƙarfe 5 na yamma a Najeriya da Nijar, daga farkon Nuwamba kuma ƙarfe 6. Amma kada ka fara da wasan kai-tsaye. Nemi tsohon wasa wanda za ka iya tsayarwa, ka ɗauki biro da takarda ka ja layi huɗu: lambar masu hari, yawan masu hannu a ƙasa, yawan sefti, yawan mutanen akwati. Tsayar da hoto kafin kowace dama, ka cike, ka rubuta inda kake zaton za a kai hari, sannan ka sake shi. A dama ashirin na farko za ka yi ta kuskure. Ni sai da na kai wasa na uku kafin in daina ƙirga nikel a cikin lainbaka.

Wasanni biyu nake ba da shawara, ƙungiyoyi ɗaya ne, wata guda da 'yan kwanaki ne tsakani. Ranar 4 ga Disambar 2021 Alabama ta zuba wa Jojiya 41 da 24, alhali a tsawon kakar maki goma da 'yan kai ake ci wa Jojiya a wasa. Ranar 10 ga Janairun 2022 suka sake haɗuwa, Jojiya ta ci 33 da 18, sau ɗaya tak Alabama ta shiga gidanta, sauran makin duk bugun ƙafa ne guda huɗu. Ka cike takarda ɗaya ga kowane wasa, ka ƙara layi na biyar na yawan masu afka wa Bryce Young, kwatabak ɗin Alabama, da inda suka fito. A gefen takarda ta biyu ka rubuta lokacin da Jameson Williams, mai cafka na Alabama, ya ji ciwo a gwiwa ya fita, a zango na biyu, abokin cafkarsa John Metchie kuma tun a wasan farko ya ji nasa. Sai ka duba ko sefti na Jojiya sun ci gaba da tsayawa a inda suke kafin fitar Williams.